Turarenki a Ƙofar Gidan Kaso

Assalamu alaikum, Hajiya Rabi, uwar gidana. Ina gaishe ki da gaisuwar da ake yi wa mutanen barzahu, da fatan makwancinki da sanyi. Kin san ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba. Ni ke faɗa, ɗanki Habu ke rubutawa a salula, kuma na ce masa kada ya gyara mini magana ko ɗaya.

Labari na zo miki da shi, ba mai daɗi ba. Ganyen wiwin nan da ya kai Habu gidan kaso, yau ga shi a butik, shago guda, cikin Paris, an jera shi a kwalabe, fitila na haska shi kamar zinari. Sun ce an cire masa abin da ke sa maye. A wasu ƙasashe ma, in ji su, ba a cire komai ba, gwamnati ce ke ba da lasisi tana karɓar haraji. Na leƙa da idona. Wani saurayi mai tsabtatacciyar riga ya ce mini bonjur, har da tambayata wane iri nake so.

Kin tuna ranar da ƴan sanda suka ɓalle mana ƙofa a Bobigny? Na dawo daga dako a kasuwar Rungis na tarar da ke zaune a ƙasa, an zubar miki da garin kuka da daddawa ana shinshinawa.

Kin tuna ranakun ziyara? An hana ki kai masa tuwo, sai kika riƙa wanke kayansa kina turara su da turaren wutan da kika zo da shi daga Damagaram. Kika ce, “In bai ci abincina ba, ya ji ƙamshin ɗakina.” Wata rana mai gadi ya buɗe jakar, ya yamutsa fuska, ya ce wannan wari bai yarda da shi ba. Kika komo da ita a jirgin metiro, ba ki yi kuka ba sai da muka shiga gida. Ba ki kai fitowarsa ba, Rabi.

Ban ce yaron bai yi laifi ba. Ya yi, ya kuma biya. Amma har yau in ya nemi aiki, sunansa ke riga shi shiga ofis. Habu ya ce in bar wannan. Na ce rubuta.

To ga inda maganar take. Autarki Mariama ta gama karatun haɗa magunguna a Villeurbanne, kusa da Lyon. Wani kamfani zai ɗauke ta, aikinta tace man ganyen nan. Ta zo daga Lyon ta durƙusa tana neman albarkata, ta ce in ban sa ba, ba za ta je ba. Na ce ta tambayi wanta. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, “Je ki, ƙanwata. In suna neman wanda ya san aikin tun da, ki ba su lambata.”

Ke kika sa na yi alkawari a gadon asibiti cewa ba zan riƙe wa ɗa albarka ba. Na sa mata. Da baki na sa, zuciyar ba ta biyo ba tukuna, kuma ƙafata ba za ta taka wurin nan ba.

Sauran turarenki da na ɓoye, na ba ta. Na ce ta turara farar rigar aikinta ranar farko. Ina so in ji ko akwai mai gadin da zai mayar da ita daga ƙofa.

Allah ya jiƙanki, Rabi, ya haskaka kabarinki, ya shirya mana yaran nan. Ya buɗe miki ƙofar da ba a binciken jaka.

Mijinki mai taurin kai,
Malam Idi