Mako Takwas Ba Turanci

Hyattsville, Maryland
3 ga Yuli, 2012

Zuwa ga 'yata Aliyya, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin sauka Haifa lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya kuma baƙunta? Mu nan lafiya lau muke, sai zafi. Guguwar ranar Juma'a ta kayar da itatuwa, ta ɗauke mana wuta kwana uku. Naman da Ummanki ta tara a firiza don azumi sai rabar da shi muka yi wa maƙwabta. Na ce mata ga shi mun koma Kano ba mu hau jirgi ba, ta ce ba lokacin wasa ba ne.

Ta faɗa mini dokar makarantarku. Wai kin sa hannu a takarda cewa mako takwas ba za ki yi magana da kowane harshe ba sai Ibrananci, a aji, a ɗakin kwana, har a wurin cin abinci. Ba waya, sai imel ɗaya ranar Juma'a, shi ma ita kike aika wa. To, ni ban sa hannu a takardar kowa ba. Zan riƙa rubuto miki, kuma da Hausa, Ummanki ta ɗauki hoton takardar a wurin aikinta ta turo miki. In kin ci karo da kalmar da ba ki sani ba ki duba ƙamus, tunda na ga ke da ƙamus ba kwa faɗa.

Na san kin ji haushin rashin raka ki filin jirgi. Na ce miki aiki ne ya riƙe ni. Ba aiki ba ne, fushi nake yi. Kada ki ɗauka don surutun mutane ne. Alhaji Gaji ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya ko gaskiya ne kin tafi koyon yaren Yahudawa, na ce masa ilimi ne, kuma ba a aljihunsa aka ɗauki kuɗin jirgi ba. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan.

Abin da ya dame ni daban ne. Shekara talatin ke nan ina karanta labarai da Hausa a rediyo, sha biyu a Kano, sha takwas a nan. Daga Agadas har Kumasi akwai waɗanda suka san muryata. Amma a cikin gidana ina yi wa 'yata Hausa tana mayar mini da Turanci, yau shekara goma sha biyu. Sai ga wannan 'yar ta ɗauki jaka ta tsallaka teku saboda harshen da ba ta da kowa a cikinsa.

Kin san baɗi zan ajiye aiki, ni da Ummanki mu koma gida. Ke kuwa na san a nan za ki zauna. Turancina na ofis ne da na ganin likita, uwata. Akwai maganganun da nake so mu yi da ke kafin in tafi, kuma ba za su shiga cikinsa ba.

Ki kula da sallarki, ki ci abinci sosai. Ummanki na gaishe ki.

Naki,
Babanki, Maitama

Hyattsville
22 ga Yuli, 2012

Uwata,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Yaya azumi a ƙasar mutane? Ina fata kina samun abin sahur na kirki. Mu nan rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, ina dawowa daga aiki a jirgin ƙasa kamar tsumma.

Ummanki ta karanta mini imel ɗinki na shekaranjiya. Na yi kamar hankalina na kan jarida, amma ba abin da ya wuce ni. Na ji labarin malamarku, tsohuwar da ba ta taɓa yi muku Turanci ba, sai nuni da hannu da zane a allo. Na ji yadda ta kwashe ku zuwa kasuwa ta ce kowa ya sayo tumatir da bakinsa, kika kwaɓa magana, mai tumatir ya gane, ya auna miki. Kika ce in mutum ya yi kuskure ba ta tsayar da shi, sai ta maimaita maganar daidai cikin amsarta, a ci gaba da hira. Daga ƙarshe kika rubuta cewa a can ba kya jin tsoron buɗe baki. Ummanki ta karanta wannan layin sau biyu, ba ta dube ni ba.

Ban sani ba ko kina tuna gidanmu na Greenbelt, hawa na biyu, mai tagar da ke kallon wurin ajiye motoci. Kina 'yar shekara huɗu muka zo da ke, bakinki cike da Hausar Fagge irin ta kakarki, wadda na sa miki sunanta. Ba kya yin shiru. Ranar Asabar in na tafi da ke ofis a jirgin ƙasa na Green Line, tun daga tasha kike ba ni labari, kina sa wa fasinjoji sunaye, wannan Mai Hula, wancan Sarkin Barci. Ranar da kika fara ganin dusar ƙanƙara kika ce Allah yana tankaɗen gari. Na faɗa wa duk wanda ke sashenmu na Hausa a ofis.

Da kika shiga makaranta Hausar ta fara karkacewa, ni kuma na fara gyara. Aikina ke nan a ofis. Sabon ma'aikaci ya karanta layi, in tsayar da shi, in sa ya maimaita har sai ya daidaita. Ban lura na taho da aikin gida ba. Kina cikin ba ni labarin abin da ya faru a makaranta sai in katse ki saboda kalma ɗaya, kafin ki maimaita kin manta inda kika tsaya.

Sai ranar Ƙaramar Sallah ta shekarar 2000. Abokan aikina sun cika falo, kika fito cikin atamfarki kika durƙusa za ki gaishe su. Kika yi tuntuɓe a gaisuwar. Na sa kika maimaita sau uku a gabansu. Bashar, mutumin Damagaram, ya kwaikwayi muryarki, falo ya ɗauki dariya, har da ni. Kika tashi kika shige ɗaki. Washegari da Turanci kika gaishe ni, na ɗauka fushin yara ne na kwana biyu.

Duk shekarun nan Amurka nake zargi, da makaranta, da talabijin. Ban ce na daina zarginsu ba. Amma layin nan naki ya tsaya mini a rai.

Allah ya karɓi ibadarmu.

Babanki

Hyattsville
6 ga Agusta, 2012

Uwata Aliyya,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da abokan karatunki da malamarku. Ummanki lafiyarta ƙalau, sai tsokanata da ta sa a gaba, yanzu za ki ji dalili.

Na shiga ajin Ibrananci. Ki yi dariyarki, ba na gani. A wata cibiyar Yahudawa ce can wajen Rockville, ranar Lahadi da safe, ajin 'yan farko. Na ce bari in ga abin da ya ja 'yata har ta bar ni. Mu tara ne, yawanci tsofaffi masu jikoki a can ƙasar da kike, sai ni, baƙin mutum da hula zanna, ga azumi a baki. Malamar, wata matashiya mai suna Constance, ta ce da zarar an rufe ƙofa ba sauran Turanci. Na ce a raina wannan ai ƙaramin abu ne ga wanda ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara sha uku. Rubutu daga dama zuwa hagu ba baƙona ba ne, wasu kalmomin ma sun yi kama da Larabci.

Lahadin farko na sha da ƙyar. Jiya kuwa aka ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa, da inda yake zaune, da 'ya'yansa. Na yi kwana uku ina haddace jimlolina huɗu a jirgi. Ina son in ce ina da 'ya ɗaya, tana Haifa, tana karatu. Na tashi, na fara, ina tsakiyar jimla ta biyu sai wani dattijo, Gregory, da ke zaune kusa da ni ya ɗaga yatsa ya gyara mini kalma. Ba da mugunta ya yi ba, har murmushi yake. Wata mata a baya ta ɗan yi dariya. Shi ke nan, sauran jimlolin suka gudu. Na tsaya baki buɗe, ni da nake magana da miliyoyin mutane kullum. Ban kai ga ambatonki ba na zauna.

Har aka tashi ban ƙara cewa uffan ba. Malamar ta yi ta jefo mini tambayoyi masu sauƙi, na san amsar wasu, amma na ƙi. Na fita na zauna a mota kusan rabin awa ban tayar da ita ba. Gyara ɗaya aka yi mini, daga baƙon da ba zan sake gani ba in na ga dama, ina da shekara hamsin da takwas. Ke kina da goma, kuma ubanki ne, kuma kullum ne.

Na so in daina zuwa. Ummanki ta ce in na daina to in daina ganin laifinki. Zan koma ranar Lahadi, amma zan canza kujera.

Ki yafe mini, Aliyya. Ban iya faɗin wannan da Turanci ba, shi ya sa ban taɓa faɗa ba.

Babanki, Maitama

Hyattsville
19 ga Agusta, 2012, ranar Sallah

Uwata,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina rubuta wannan da sauri, ko rigar Idi ban cire ba. Ummanki na tsaye a kaina da mabuɗin mota, za ta je ofishinsu takanas ta turo miki yau ɗin nan.

Ki saurare ni da kyau, domin kin yi wa shiruna mummunar fahimta.

Mun fito daga Idi ke nan, ina neman inda na ajiye mota cikin hayaniya, wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Na manta shaf cewa mako takwas ɗinku sun cika. Na ɗauka, sai na ji an yi mini sallama, an ce barka da Sallah, Baba, an tambaye ni yaya aka sha ruwa. Na ɗauka wata ce daga Kano. Sai da kika ce ke ce.

Kin yi mako takwas ba a bar ki kin yi wani harshe ba. Ranar da aka sake ki, da Turanci ya fi miki sauƙi, amma da Hausa kika kira ni. Kika ce kin karanta wasiƙuna duka, wata sau uku. Kika fara ba ni labarin ranar ƙarshe a ajinku, yadda malamarku ta ce kowa ya faɗi abu ɗaya a harshen gidansu, Bajamushe ya yi nasa, 'yar Koriya ta yi nata, har aka zo kanki.

A nan kika tsaya kina jiran in ce wani abu, ban ce ba. Kika kira ni sau biyu. Sai muryarki ta canza, kika koma Turanci, kika ce in yi haƙuri, kin san Hausar ba ta yi kyau ba, kika kashe. Na kira lambar sau biyar. Wani ya ɗauka daga baya, ya ce wayarsa kika ara, kin riga kin tafi.

Ba kurakurai nake ƙirgawa ba, Aliyya. Na jingina da motar wani ne ina kuka, na toshe bakina da hannun riga don kada ki ji. Mutane na wucewa suna yi mini barka da Sallah, Alhaji Gaji har ya riƙe ni yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na kasa ba shi amsa, ke ma na kasa.

Ummanki ta tambaye ni a mota ko Hausar taki ta yi daidai. Na ce ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Tunda na fara aiki ba a taɓa yi mini magana minti biyu ban kama abin gyara ba, sai yau. 'Yata kawai na ji.

Ki sake kira, ko wane lokaci ne, ko ina ɗakin watsa labarai zan fito. In kuma kin fi so ki bari sai kin dawo, ni zan zo ɗaukarki a filin jirgi ranar talatin ga wata, daga can zuwa gida kuwa tafiyar awa guda ce in akwai cunkoso. Amma ki sani ba ki ƙarasa mini labarin ba. Kin tsaya a daidai inda aka zo kanki. Me kika ce musu?

Ina jira.

Naki har kullum,
Babanki, Maitama