Ban Kai Ƙarar Tomsen Ba

Mildura,
watan Yuli.

Zuwa ga yayana Kalorib,

Ina miƙo gaisuwar girmamawa gare ka da dukan mutanen gida, da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya ƙalau. Yaya ƙafar Baba, ina fatan kumburin ya sauka? Na ji an gama rufin coci kafin iska ta taso, mun gode Allah. Mu nan gonar lemu a ƙasar Turawa sanyi ne ya sa mu gaba, da safe sai ka ga ciyawa ta yi fari fat, yatsu sun ƙi riƙe almakashin tsinkar lemu. Na ba Leisale, abokiyar aikina da za ta koma gida, wannan takarda ta kawo maka hannu da hannu, domin maganar waya tana yankewa a tsakiya, kuma rabin magana ne ya jawo abin da ya sa nake rubutu.

Na ji abin da ake faɗa a tsibirinmu Nguna, wai ni Leiwia na yi wa ƙanena Tomsen ripot wajen Turawa. Na ji mahaifiyarsa Inna Leitangi ta daina shiga gidanmu, ta ce ɗanta ya tafi nema 'yar 'yar'uwarta ta sayar da shi, kuma sai an kai mata tabarmar tara, wato ta biyan laifi. Yaya, ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Ranar da abin ya faru Tomsen ne ke jan tarakta mai ɗaukar akwatunan lemu, ɗanka Kalmet kuma yana baya yana haɗa ƙarfen tirela. Hazo ya rufe gonar, Tomsen ya zaci an gama, ya ja. Ƙarfen ya datse hannun Kalmet na hagu. Ni ina can wani layi, ban gani ba. Samarinmu da ke wajen suka naɗe hannun da riga, suka haɗa baki a kan kada kowa ya ji, aka ce mini mura ce ta kwantar da yaro. Da ruwan gishiri suke gasa masa hannun. Da kwanaki suka ja ban gan shi wajen cin abinci ba, na tura ƙofar ɗakinsu. Wari ne ya fara tarbata. Hannun ya kumbura kamar gwanda, wani jan layi ya hau har gwiwar hannu, yaron yana rawar sanyi cikin bargo yana cewa, Goggo, don Allah rufe ƙofa, gobe zan tashi.

Ban saurare shi ba. Na kira mai gonar, Misis Delaney, muka kai shi asibiti a motarta. Likita ta tambaye shi abin da ya faru, ya ce ƙofa ce ta datse shi. Ta dube shi ta ce ita ba 'yar sanda ba ce, amma ƙofa ba ta barin baƙin mai a cikin ciwo, kuma tana bukatar gaskiya don ta san maganin da za ta ba shi. Ya juya fuska bango. A nan bakin ɗakin Misis Delaney ta ce mini doka ta tilasta mata ta rubuta ripot, ta tambaye ni wa ke kan tarakta. Na ce ta ba ni zuwa Litinin.

Ka san yadda wannan kalma take a bakinmu. A gida in an ce an yi wa mutum ripot, to an kai ƙararsa ke nan, daga nan sai 'yan sanda. Shi ya sa ranar Lahadi bayan sujada samarin suka tare ni a kicin, ina cikin kankare rogo. Silas, mutumin tsibirin Tanna ɗin nan mai baki, ya ce ai Leiwia ta daɗe a nan har ta fara atishawa irin ta Turawa. Ba wanda ya yi dariya. Tomsen ya tsaya jikin firji ya ce, Yaya, in kin buɗe baki kin kashe ni, gidana ko taga ba a sa ba.

Na ajiye wuƙa na yi musu bayani yadda na fahimta cikin shekarun da na yi ina zuwa nan. Na ce a bakin Turawa masu harshen, kalmar tana da faɗi. Abin da ake karantawa a rediyo kan ruwa da iska, ripot ne. Takardar da yaro ke kawowa daga makaranta ƙarshen zango, ripot ce. Abin da likita ke rubutawa kan marar lafiya, shi ma haka. Ma'anarta a tsara abin da ya faru a rubuce, rana kaza, wuri kaza, yadda aka yi, don na nesa ya karanta ya gane. Sai in an ce an yi ripot ɗin mutum, shi ne kai ƙara, kuma ba shi ake nema a wajenmu ba. Tomsen ya ce ya ji, amma shi bai taɓa ganin an saka haɗari a jirgi an mayar da shi gida ba, mutum ake sakawa. Gaskiya ban musa masa ba, don ba zan ruɗe su ba: takarda ce da suna ke shiga cikinta, kuma ban san hannun wa za ta faɗa ba.

Abin da na sani shi ne, in ba a rubuta cewa a bakin aiki ya ji ciwo ba, inshora ba za ta ɗauki jinyarsa ba, ƙarshenta a dawo maka da yaro da mataccen hannu. Abin da ya ci doma ai ba ya barin awai: in an bar maganar a kan ƙofa ce, wani yaron zai sake sa hannu a ƙarfen nan. Ranar Litinin na shiga ofis. Na faɗi sunan Tomsen, ban ɓoye maka ba. Amma na ce ba zan sa hannu ba sai an rubuta sauran: cewa ba wanda ya taɓa koya masa tarakta, mai kula da mu ne ya jefa masa makulli ranar da direba bai zo ba, kuma madubin taraktar a fashe yake tun bara. Misis Delaney ta zuba mini ido har na ɗauka korata za ta yi. Fuskarta ta yi ja. Can ta jawo takardar ta rubuta, ta karanta mini da ƙarfi, na sa hannu.

Ga inda muke yanzu. An ceci hannun Kalmet, amma an cire ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Wani jami'i ya zo ya duba taraktar, ya yi wa Tomsen tambayoyi ta bakina. Ba a kore shi ba, an mayar da shi tsinka. Ko za a kira shi baɗi, ko ni kaina za a kira ni, ba wanda ya sani, kuma ba zan yi wa Inna alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Har yau Tomsen ba ya cin abin da na dafa, in mun haɗu a ƙofa ya kan kauce. Amma shi ke yi wa Kalmet wanka, shi ke ɗaura masa takalmi.

Roƙona, ka je wajen Inna da kanka tare da dattijon coci, ka karanta mata wannan. In ta nace sai tabarma, ka ɗauki tabarmar nan mai jan gefe da ke cikin akwatina ka kai, amma ka faɗa a gaban shaidu cewa ta zumunci ce, ba ta tara ba. Sa'an nan ka zaunar da matarka Leimara ka gaya mata maganar yatsun. Kalmet ya roƙe ni kada ta ji, amma ba na son uwa ta gane a bakin jirgin ruwa, lokacin da ɗanta ya ɗaga mata hannu.

Ka gaishe mini da Baba, da Leimara, da Kawu Kaltang da iyalinsa, da 'yata Touliu, ka ce ta riƙa zuwa makaranta. Ka gaishe da Inna Leitangi ko da ba za ta amsa ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Leiwia