Ƙorafi Kan Audugar Gilashi da Ta Kwantar da Ladaninmu

Bismillahir Rahmanir Rahim

Zuwa ga: Mai girma Magajin Garin Gure
Daga: Goni Burahima Fannami, limamin masallacin unguwarmu
Ranar: Talata, 14 ga Rajab 1446 (14 ga Janairu 2025)

Game da: Audugar gilashi da Nafi'u ɗan gwangwan yake sayarwa da sunan auduga

Ranka ya daɗe, bayan sallama irin ta Musulunci, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Tun farkon Disamba, Nafi'u yake farfasa tsofaffin firigo, wato firiji, a bakin kasuwa, yana zare farin abin da ke cikin bangonsu, yana sayar wa mata a matsayin audugar cusa matashi.

2. Kaltumi, matar ladaninmu Malam Jibirilla, ta saya da zuciya ɗaya, ta cusa wa mijinta matashi da katifa. Kwana tara yana kwana a kansu. Jikinsa ya yi rudu-rudu da ƙaiƙayi, idanunsa suka yi jawur, tari ya shaƙe shi. Muryar da ta shekara talatin da ɗaya tana tashin unguwa da asuba ta dishe.

3. Ranar 3 ga Janairu, likita ya shaida mana cewa zaren gilashi ne, daga yashi ake narka shi. Ban ƙi amfaninsa ba: yana tsare sanyi, ana yin tankin ruwa da shi. Amma yashin da ya binne mana lambuna bai ishe mu ba, sai an sa mana shi ƙarƙashin kai?

4. Sau biyu na yi wa Nafi'u nasiha gaban shaidu. Dariya ya yi. Mafi muni, yanzu yana tallar ragowar ga masu wankan gawa, wai ta fi audugarmu fari. Wal'iyazu billahi! Mai rai ya sosa, mamaci fa? Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Saboda haka ina roƙon Mai girma ya sa a kwashe buhunan nan kafin ranar kasuwa, a yi shela mata su fito da abin da suka saya, a kuma tsayar da Nafi'u gaban hukuma.

Yanzu ni nake kiran salla da guntun numfashina na ɗan shekara saba'in da takwas, Malam Jibirilla na zaune a ƙofar masallaci yana nuna mini lokaci da yatsa. Allah zai tambaye ni, zai kuma tambaye ka.

Tare da girmamawa,
Goni Burahima Fannami