Baba Ya Hana a Wanke Masa Ƙafa

Zuwa ga ƙanena, Autan Mama,

Ina gaishe ka da kyau cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da addu'ar wannan takarda ta same ka lafiya, kai da amaryarmu da tagwayenku. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin hannunka, ya tsare fitarku da shigarku. Mu a nan muna cikin alherinsa. Ciwon bayan maigidana ya yi sauƙi har ya koma tuƙi, babbar 'yata ta fara koyon ɗinki tana ɓata mana yadi, Gwaggo kuwa tana nan yadda ka san ta, kowace Lahadi sai ta dawo daga coci tana mitar cewa mawaƙan yanzu gudu suke yi da waƙa kamar ana korarsu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne na san halinka: da na fara maganar da ke da nauyi sai ka kawo abin dariya, ni kuma in biye maka, mu rabu ban faɗi komai ba. Takarda ba ta dariya, don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta. Maganar Baba ce, da ƙafarsa.

Ka tuna yammacin Asabar a gidanmu? Baba zai rufe shagonsa na gyaran takalma tun rana ba ta faɗi ba, ya shigo yana warin gam da fata, ya jera mu a kan dogon bencin nan na tsakar gida. Mama ta riga ta ɗora ruwa. Zai ɗaura tsohon tawul a ƙugu, ya durƙusa gaban daro, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana wanke mana ƙafa, yana goge kaushi, yana duba tsakanin yatsu, sannan ya shafa mai. Daga nan ya ɗauki takalmin kowa ya juya shi, ya faɗa maka inda ka yi yawo a makon ba tare da ya tambaye ka ba. Kai ne ba ka iya zama, da an taɓa tafin ƙafarka sai ka hau wutsil-wutsil kana dariya har ka watsa masa ruwa a gemu, shi kuma ya ce Allah ya ba shi ɗa mai ƙafar kifi. Mama ce ta ƙarshe kullum. Za ta yi ta faɗa wai maƙwabta za su ce ta mallake miji, tana faɗan tana miƙa ƙafar.

Ba mu kaɗai ba. Ɗan dakon nan mai ɗingishi, da tsohuwa mai sayar da gawayi, da duk wanda ya kawo takalmi ƙafarsa a farfashe, Baba zai ce ya tsoma ta a ruwa kafin a gama ɗinkin, kuma shi zai tsane masa da hannunsa. Ya ce ya karanta cewa Ubangiji ya yi wa almajiransa haka, ya kuma ce su yi wa juna, shi kuwa bai ga inda aka rubuta cewa umarnin ya ƙare ba. Na tuna ranar da tsohon fastonmu ya bayyana masa cikin ladabi cewa abin misali ne na tawali'u. Baba ya amsa cewa ya yarda misali ne, amma shi bai taɓa ganin misali ya fitar da datti ba. Fasto ya yi dariya har da hawaye, a ranar shi ma bai bar gidanmu ba sai da aka wanke masa. Ina kewar kwanakin nan, Auta, ina kewar Mama, wani lokaci in na ji ƙamshin sabulu a ruwan ɗumi sai in rasa abin da nake yi.

To, ga abin da ya faru. Ka san Baba yana da ciwon sukari, kuma ƙafafunsa sun daina ji sosai. Kwanakin baya ya taka 'yar ƙusa a shago da ƙafar dama, bai ma sani ba sai da wurin ya ruruce. Maimakon ya faɗa, sai ya yi abin da shumeka kaɗai zai yi: ya ɗauki takalminsa ya rarake cikinsa daidai inda ciwon yake, ya shimfiɗa fata mai laushi, ya sa safa ya ci gaba da harkarsa. Takalmin ya gyaru tsaf, ƙafar tana ruɓewa. Wari ne ya tona masa asiri ranar da na je share ɗakinsa. Da muka kai shi asibiti likita bai ɓoye mana ba, ya ce dole a riƙa wanke gyambon ana canja bandeji kowace safiya, in ba haka ba abin zai kai ga yanke ƙafar. Nas ta koya mini yadda ake yi, ta ce za ta riƙa leƙowa lokaci-lokaci, sauran aikin namu ne.

A nan rigima ta tashi. Mutumin da ya wanke ƙafar rabin unguwa ya kafe kai da fata cewa ba mai taɓa tasa. Ya ce zai yi da kansa, alhali bayansa ba ya lanƙwasuwa, idonsa kuma ba ya ganin wurin. Na lallaɓa, na yi fushi, na yi kuka, duk a banza. Maigidana ya gwada, Baba ya ce suruki ba ya ganin irin wannan. Gwaggo ta zo ta wanke shi tas da faɗa, ta ce tun suna yara taurin kansa ya fi na ƙofa, ya bar ta ta gama ya tambaye ta ko ta sha ruwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da Maganar Allah yake kare kansa. Ya ce Ubangiji ya zo ne domin ya yi hidima, ba domin a yi masa ba, shi ma bawa ne, kuma uba ba ya miƙa wa 'yar cikinsa ruɓaɓɓiyar ƙafa. Ina kallo kumburin yana hawa, shi yana jawo mini aya.

Tunda idonsa ya yi rauni ni nake karanta masa Littafi Mai Tsarki da safe. Wata safiya na buɗe labarin wankin ƙafar nan da gangan. Ka san mu a gidanmu ƙarshen labarin muka haddace, wurin da aka ce mu yi wa juna. A ranar na tsaya a tsakiya, inda almajirinsa Bitrus ya janye ƙafarsa ya ce faufau Ubangiji ba zai wanke masa ba, aka kuma amsa masa cewa in bai yarda an wanke shi ba, ba shi da rabo da Ubangijinsa. Ina kai wa nan na rufe Littafin. Baba ya ce in ci gaba. Na ce ba zan iya ba, domin akwai wani Bitrus mai furfura zaune a gabana, kuma ban san yadda nasa labarin zai ƙare ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce na mai da Maganar Allah sanda ina dukan ubana da ita. Na ce haka ne, kuma a wurinsa na koyi riƙe ta. Ka san bakina. Yinin ranar abincinsa ma a rufe na ɗauke shi.

Washegari da na fito sai na tarar da shi zaune a tsakar gida, ya cire safar da kansa, ya ɗora ƙafar a kan 'yar kujera. Bai dube ni ba. Ya ce shekara da shekaru yana karanta labarin nan, kullum a wurin mai riƙe da tawul yake ajiye kansa, bai taɓa tunanin cewa shi ma yana cikin masu zama a layi ba. Ya ce ashe girman kai ma yakan sa rigar bawa, kuma ya daɗe yana sanye da ita bai sani ba. Sai ya ce in kawo ruwan kafin ya canja ra'ayi.

Auta, ban taɓa riƙe ƙafar Baba ba sai ranar. Duk da kumburin, ƙarama ce, ba nauyi, duk jijiya. Ina wankewa hawaye na zuba, shi kuma yana ta gyara mini aiki, wai ruwan ya yi zafi, wai ba haka ake tallafe dunduniya ba, wai wa ya koya mini. Na ce wani tsohon shumeka ne mai yawan surutu. Ya yi dariya, rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun Mama tana da rai. Tun daga ranar ban fasa ba, kuma mun gode wa Allah, gyambon ya fara haɗewa, nas ta ce in aka ci gaba haka ƙafar dama ta tsira.

Saura ta hagu, kuma saboda ita na rubuto. A ranar farko da na gama da ta dama na miƙa hannu zan kama ɗayar, sai ya janye ta ya ɓoye ƙarƙashin benci, ya ce wannan ta Auta ce. Na ɗauka wasa yake yi. Ba wasa ba ne, kullum haka muke yi. Yana ɗan goga ta da jiƙaƙƙen tsumma iyakar inda hannunsa ya kai, shi ke nan. Da nas ta zo makon jiya ta matsa masa har ya bari ta duba da ido, ta ja ni gefe ta ce dunduniyar ta fara tsagewa, kuma ga mai sukari daga irin wannan 'yar tsagar ake farawa. Na koma masa da zancen Bitrus, ya ce wannan karon bai kama shi ba, domin shi bai ƙi ba, jira yake yi.

Ka gaishe mini da amaryarmu, ka ce na gode da zanen da ta aiko, ka shafa mini kan tagwaye. Maigidana da yara suna gaishe ku, Gwaggo ta ce a gaya maka ta daina lissafa ka cikin masu zumunci sai ta gan ka. Kawu da iyalinsa ma suna miƙa gaisuwa.

Ka san Baba bai taɓa buɗe baki ya roƙi kowa komai ba, ko a waya in ka tambaye shi cewa yake yi lafiya lau, ka yi zamanka ka kula da aiki. Iyakar roƙon da ya iya ke nan, kuma da ƙafarsa yake yin sa. Kada ka aiko da magani, muna da shi. Ka nemi izini a wurin aiki ka taho, tsagar ba za ta jira hutun ƙarshen shekara ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce yayarka,
wadda ta goya ka.