Baba Ya Ƙi Shan Ruwa

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki? Rubutawa na yi na ɗauki hoton takardar na turo miki, don bango ɗaya ne tsakanina da Baba, ko tari na yi a waya sai ya ji.

Albishirinki. Tun da aka ɗaura masa maganin kansar nan aka sallamo mu, ƙullutun wuyansa yake narkewa. Jiya har ya sa maɓallin wuyan rigarsa. Yayanki yana can kan hanya da tirela, da na gaya masa har da kukansa, ƙato da shi.

Amma ni wallahi hankalina bai kwanta ba. Likita ya ce ya riƙa shan ruwa sosai, Baba kuwa yadda na ajiye kofi haka nake zuwa in ɗauke. Na gane dalili. Ƙafafunsa ba sa kai shi bayi, ni kaɗai ce a gidan, ni kuma suruka ce. Gara masa ƙishi da in riƙe shi. Tun shekaranjiya bai nemi zagayawa ba. Yau ga amai, ga ƙwaurinsa yana ɗaurewa, ya ce leɓɓansa kamar ba nasa ba. Ke da kike wuni kina leƙen ƙwayoyin jikin mutane a ɗakin bincike, gaya mini, haka warkewa take?

Taki,
Matar Yayanki

Wa alaikumus salam Matar Yaya,

Gaisuwa a tsaye, ki yi haƙuri. Na karanta takardarki.

Ki fahimce ni da kyau. Kullum ƙwayoyin jikinmu suna mutuwa, kuma lafiya ce. Wadda ta tsufa ko ta lalace takan naɗe kanta tsaf, na kusa da ita su kwashe ta, ba wanda ya ji. Cutar kansa ita ce ƙwayoyin da aka ce su mutu suka ƙi. Maganin da aka ba Baba shi ya tilasta musu, sai dai sun mutu da yawa a lokaci guda, suka zubar da kayan cikinsu a jini. Cikin kayan nan akwai gishirin da ke rikita bugun zuciya, akwai dattin da ke toshe ƙoda. Kamar ki zuba sharar unguwa gaba ɗaya a kwata ɗaya, ba ki bi ta da ruwa ba.

Narkewar da kuke murna da ita ce take neman ransa. Yanzu an wuce maganar kofi, kada ki ɗura masa ruwa. Asibiti, yanzu-yanzu. In zuciyarsa ta rikice ba ta sallama. Zan nemi mota in taho, amma ke ce kusa. Don Allah ki ajiye kunyar nan, ubana ne.

Ƙanwarki,
Auta

Assalamu alaikum Auta,

Ina fatan kin samu mota. Daga bencin asibiti nake rubuto miki.

Ubanki akwai taurin kai! Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaya masa saƙonki, ya shafa wuyansa ya ce, "Amarya, ai na warke. Ki ce wa Auta ta rage boko." Yana faɗa yana dafe ƙirji. Na ga yatsunsa suna ƙanƙancewa, tsoro ya rufe ni.

Ban san lokacin da na shige ɗakin ba, ni da ban taɓa wuce labulensa in ba da tire a hannu ba. Na ce, "Baba, ciki gare ni." Ko Yayanki ban gaya wa ba tukuna, sai ga shi na faɗa wa surukina ido cikin ido. Na ce, "Na ajiye tawa kunyar, saura taka. In ka mutu don kada in riƙe ka, me zan ce wa jikanka?" Ya sunkuyar da kai. Can sai ya miƙo mini hannu.

Ni da mai shagon ƙofar gida muka sa shi a mota. Likita ya duba jininsa, na ga fuskarsa ta canza. An shiga da shi wankin ƙoda. An sa masa robar fitsari da jaka a gefen gado, aka ce ita za mu zuba wa ido. In ƙodar ta farfaɗo, a nan za a gani. Jakar nan wayam take, Auta. Na kasa daina kallonta. Ki yi sauri, ki yi ta addu'a.

Taki,
Matar Yayanki

Auta, salam.

Fitsari ya zo! Ɗan kaɗan ne, amma ma'aikaciyar jinya ta ɗaga jakar tana dariya, ni kuwa na fashe da kuka a gaban kowa.

Baba ya ja hula ya rufe fuskarsa. Daga ƙarƙashin hular ya ce, "'Yata, in likita ya yarda, ba ni ruwa."

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayarki