Ki ce Inna ta dakata da ɗinkin

Yaya Dije,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna, ya su Jabir? Ni lafiya lau nake a Onica, muna ta fama a kasuwar Ose. Albasa ce kawai ke sa ni hawaye.

Yaya, Fakhruddeen ya turo saƙo. Wai an ƙara masa shekaru a Jamus, maganar aurenmu kada in jira shi.

Kin san karatunsa, lissafin ƙarfin da ke riƙe 'yan mitsi-mitsin abubuwan nan, furoton da nutiron, cikin ƙwayar zarra. Datar da na ƙona ina kallon bidiyonsu don in samu abin hira da shi, Allah kaɗai ya sani! Wai in suna kusa, ba abin da ya kai riƙonsu ƙarfi. Suka ɗan yi nisa kuwa, shi ke nan, kamar ba su taɓa sanin juna ba. Da bakinsa ya koya min a shagon Kawu, ina ta dariya.

Don Allah ki ce Inna ta dakata da ɗinkin zannuwan gadon. Ki ce kalar ce ban so. Zan kira ta in muryata ta dawo.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki,
Surayya