Shinkafar da Ban Taka Ba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Jikokinka sun yi wayo, ƙaramar har ta fara tambayar wane ne mai hular nan da ke jingine da mota a hoton ɗaki. Ni ne dai ba lafiya ba, kuma ba jikina ke ciwo ba. Wata bakwai ke nan rabona da sitiyari.

Na san mutanen tashar Argungu za su karanta wannan a waya su yi ta yi mini tsiya. Su yi. Da kana raye, a zaure zan same ka in faɗa maka, ba wanda zai ji.

Baba, an dakatar mini da lasisi. Ga yadda abin ya faru. Da kakar da ta wuce na ɗauko albasar Iya Sikira a a-kori-kurarta, wadda ka tuƙa har ka bar mini, zan kai Birnin Kebbi. Ka san yadda mutanenmu ke yi idan an yanke shinkafa: tsakar gida ba ta isa, sai a shanya ta a kan kwalta, a jera duwatsu a gefe. Ranar nan, a wata kwana kusa da Gulma, shanyar ta ci kusan rabin hannuna na titin. Ina karyo kwanar na gan ta shimfiɗe a gabana. Ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya murɗe sitiyari zuwa ɗaya hannun, kuma a can akwai mutum tafe a kan babur.

Bai mutu ba, alhamdu lillahi. Sunansa Isiya, tela ne a Gulma. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Shinkafar kuwa ko ƙwaya ɗaya tayata ba ta taɓa ba. Alƙali ya ce in ajiye tuƙi wata shida, na ce na gode, don na ɗauka abin zai fi haka.

Kai ka san inda hannun nan ya koyi abin da ya yi. Ina shekara goma sha tara kana koya mini mota a hanyar fadama, na bi ta kan zangarniyar gero guda uku da suka faɗo daga amalanke. Ka sa na tsaya. Ka fita da kanka ka tsince su, ka kaɗe ƙasar, ka ɗora a kan kututture inda mai su zai gani. Da ka dawo ba ka mare ni ba, kuma da marin ka yi da ya fi mini sauƙi. Ka ce: "Kak ka sake in ga tayakka bisa cimaka. Ko ni na kwance ga hanya, ka taka ni ka bar ta."

Daga baya Inna ta ba ni labarin shekarar yunwar da ka gani kana yaro a Gulma, da yadda kuke tone gidan tururuwa kuna neman hatsin da ta tara. Sai na gane dalilin da ya sa kake share bayan mota da tafin hannu idan an sauke kaya, ka tara abin da ya zube a hularka. Ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Shekara goma sha huɗu ina tuƙi ina kauce wa shanya, ina jin daɗi a raina cewa ni ɗan Garba ne.

Wata shidan nan na sha wuya, Baba. Mutumin da ya saba kafin rana ta take ya ga gari uku, ga shi a ƙofar gida yana ƙirga awakin maƙwabta. Da asuba jikina ke tashina kamar zan je dumama inji, in yi salla in rasa inda zan nufa. In na je tasha, a ba ni benci da shayi, a yi ta hira da ni cikin lallami, irin hirar da ake yi da maras lafiya. Sai na daina zuwa.

Na ɗauka ranar da wa'adi ya cika zan je kawai a miƙo mini katina. Ashe sai an bi da ni ta ƙofa da yawa. Takarda daga kotu cewa na cika kwanakina. Gwajin ido, wanda na ci ba gardama, don idona bai taɓa zama matsalar ba. Takardar shaida daga shugaban tasharmu, wanda sai da ya yi mini wa'azin rabin awa kafin ya sa hannu. Sannan kwana biyar a aji a Birnin Kebbi, ina zaune a benci ana koya mini abin da jar fitila ke nufi. Kullum in shiga motar haya daga Argungu, a matse ni a kujerar baya, ina kallon ƙeyar direban da na girme a sana'a. In ya kusa kwana sai in ji ƙafata tana danna birkin da babu shi. Wata mata da ke kusa da ni har ta tambaye ni ko jijiya ce ke damuna.

Duk wannan na haƙura na yi. Abin da ya tsare ni shi ne ƙofar ƙarshe. A ofishin lasisi akwai wani dattijo mai furfura, Oga Bala, shi ke zama da mutum ya yi masa tambayoyi kafin ya sa hannu. Mutumin kirki ne, ba ya tsawa, ba ya neman komai a hannun kowa. Ya karanta takarduna tsaf, sai ya jawo farar takarda ya zana hanya da biro. Ya zana kwana, ya ɗiga ɗigo-ɗigo ya ce ga shinkafa, ya zana babur a ɗaya hannun. Ya ce: "Ga ka nan da lodi. Yau me za ka yi?"

Na san amsar, Baba. An faɗa mana ita a aji: ka rage gudu, ka riƙe hannunka, ka bi ta kan duk abin da ba rai ba. Amma da na buɗe baki sai na ji na ce, ranka ya daɗe, ni dai ba na taka abinci. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rufe fayil ɗin a hankali, ya ce in je in dawo bayan mako biyu.

Da labari ya kai tasha an sha dariya. Ɗanjuma, wanda Iya ta ba riƙon motar kafin in dawo, ya ce: "Kai Ummaru, magana ta hwa kawai. Hwaɗa mai abin da shika so, ka amshi katinka, in ka hita ka yi abin da ka ga dama." Na koma da niyyar yin hakan. Oga Bala ya fito da takardar nan dai, bai ma sake zanawa ba. Na ce zan taka birki da ƙarfi in tsaya kafin in kai gare ta. Ya ce: "Da lodin albasa, a kwana? Kai ma ka san ba za ta tsaya ba. Malam Ummaru, ba bakinka nake tambaya ba, hannunka nake tambaya. Ka ga in na sa hannu a nan, duk wanda ka haɗu da shi a hanya ni na tura ka gare shi." Ya ce saura zama ɗaya. In bai gamsu ba, fayil ɗina zai koma sama, kuma shi ma bai san ranar da zai sauko ba.

A wajen ofishin na daɗe a gindin dalbejiya. Haushinsa nake so in ji, na kasa, don gaskiya ya faɗa. In na ƙi faɗa, ba lasisi. In na faɗa da baki kawai, na san hannuna, zai sake murɗewa. In kuma na faɗa har zuciya, to na saɓa maka, kai da ban taɓa saɓa wa ba kana raye, balle yanzu da ba ka nan da za ka ce ka yafe.

Iya Sikira ta kira ni shagonta a kasuwa. Ta tsufa, amma bakin yana nan, kuma har yanzu ta fi ni iya Hausar garin nan duk da ƴan uwanta suna can ƙasar Yarbawa. Ta ce: "Ummaru, ba ni son in raba ka da motag ga, ubanka ya yi man aiki da amana. Amma albasa ba ta san kunya ba. Ruwa na sauka, ruɓewa za ta yi cikin rumbu. In Jumma'a ta yi ba ka kawo man kati ba, makulli ya zama na Ɗanjuma." Ban ga laifinta ba. Ta yi mini haƙurin da ko ɗan cikinta sai haka.

Akwai abin da na ɓoye maka tun farkon takardar nan. Tun da aka sallami Isiya daga asibiti ban je na gan shi ba. Inna nake aikawa, ko matata, da ɗan abin da ya samu. Kunya ce, da tsoro. Shekaranjiya dai na hau babur ɗin haya na tafi Gulma. Shinkafar rani ta iso, an sake shimfiɗa ta a kan kwalta tun daga bakin gari.

Na same shi a rumfar ɗinkinsa. Ƙafar ta ɗoru amma ba ta lanƙwasuwa, ya miƙe ta a kan kujera ƴar tsugunno, yana koyon taka keken da ta hagu. Zaren sai tsinkewa yake yi. Ya tarbe ni kamar baƙon arziki, ya sa aka kawo mini ruwa. Na fara ba shi haƙuri, ya ce ƙaddara ce, ya riga ya yafe tun yana kwance. Don in wanke kaina, sai na ba shi labarinka da abin da ka hore ni da shi. Ya saurara har na gama, yana lallaɓa gwiwarsa.

Sai ya yi ƴar dariya ya ce: "Allah shi jiƙan tsoho, mutumin kirki na. Amma ka san shinkahwag ga da kat tsare, tamu ta? Ita nit tahi juyawa rannan. Da ka taka ta, da mun share mun sheƙe mun dahwa. Ai mun ma cinye ta tun kahin azumi."

Ya mayar da kansa kan keken ya ci gaba da neman bakin zare. Ni kuwa ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a gaban mutane, da rana tsaka.

Baba, gobe da hantsi zan koma wurin Oga Bala. In ya fito da takardar nan zan ce masa zan taka, kuma ba don kati zan faɗa ba. Ban daina ganin girman abinci ba. Zan ci gaba da share bayan mota da hannuna, kuma jikokinka za su tashi da sanin haka. Amma na ga abin da biyayyata ta jawo wa wani bawan Allah da bai san ka ba, bai san ni ba, yana tafiya juya shinkafarsa. Ina ƙaunarka, ina kewarka fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma a wannan abu ɗaya zan saɓa maka. Ka yafe mini.

Ban sani ba ko zai yarda da ni. In bai yarda ba, motarka ta bar gidanmu ke nan, kuma ban iya wata sana'ar ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da Aljanna saboda kowace ƙwaya da ka tsince daga ƙasa. Allah ya ba Isiya ƙarfin ƙafar da ta rage masa. Ni kuma, ranar da zan ji shinkafar mutane tana ƙara a ƙarƙashin tayata, Allah ya riƙe mini hannuna kada ya motsa. Amin.

Ɗanka mai yi maka addu'a kullum,
Ummaru, daga Argungu.